Motar Kara da Haƙƙin Tambari: Laccar da Aka Gabatar a Dogon Dutsi

  

Mas'alar da aka umarce ni in yi bayani a kanta, ko da yake mai jin sunanta zai zaci wasan yara ce, mas'ala ce da ta kai manyan alƙalan Turai ga zaman shari'a na shekaru. Duk wanda ya tashi a ƙasar Arewa ya san cewa idan kaka ta yi, aka girbe hatsi, yaranmu kan tattaro kara da totuwa, su haɗa da langa-langa da gwangwanin tumatir, su yanko taya daga tsohon takalmin roba, su ƙera sifar kowace mota da suka gani tana ratsa garin nan bisa babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Birnin Ƙonni. Kuma yaro ba ya samun natsuwa sai ya zana zakin Peugeot ko tauraron Mercedes a goshinta, domin a wurinsa motar da ba ta da alama ba ta cika mota ba. To, abin da yaro ke yi da kara, shi ne kamfanoni irin su Tamiya a Japan, da Airfix a Ingila, da Revell suka mayar sana'a: su zuba gutsattsarin roba cikin kwali, mai saye ya harhaɗa da gam, ya shafa fenti, har ƙaramar mota ta fito daidai da babbar, kashi ɗaya cikin 24 na girmanta ko abin da ya yi kama da haka.

A nan husuma ta ɓullo. Masu ƙera manyan motoci suka ce suna da tambari mallakarsu ne, saboda haka wanda zai ɗora su a kan ƙaramar mota lalle ne ya nemi izini a rubuce, ya kuma biya wani kaso daga kowane kwalin da ya sayar. Babban kamfani yana iya ɗaukar wannan nauyi. Ƙaramin maƙeri kuwa, wanda kasuwarsa ba ta wuce 'yan ɗaruruwan kwalaye ba, sau da yawa sai dai ya bar sifar motar gaba ɗaya, ko ya fitar da ita ba suna ba alama. A Amurka, kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific ya kai masu ƙera ƙananan jirage ƙara a 2004 kan wannan dalili. Amma shari'ar da ta fi cancantar a yi nazarinta ita ce ta Jamus, inda Opel ya yi ƙarar wani kamfani mai suna Autec, wanda ya sayar da ƙaramar sifar motar Astra da alamar Opel a gabanta, alhali Opel ya riga ya yi rajistar alamar har a babin kayan wasa tun 1990. A ranar 25 ga Janairu 2007 Kotun Tarayyar Turai ta bayyana ƙa'ida: ana hana amfani da alamar ne idan ya taɓa aikin da aka yi ta dominsa, wato shaida wa mai saye daga hannun wa kaya suka fito. A Janairun 2010 babbar kotun Jamus ta kori ƙarar, bisa hujjar cewa mai saye ya san alamar wani yanki ce na kamannin motar, bai ɗauka Opel ne ya ƙera abin wasan ba.

Ni dai ina ganin wannan hukunci ya dace da adalci, kuma ba baƙo ba ne ga fiƙihunmu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, ta tabbatar da cewa sunan kasuwanci da tambari haƙƙoƙi ne masu ƙimar dukiya a urfin zamani, kuma ta'addanci a kansu bai halatta ba. Sai dai illar da ta sa aka tsare haƙƙin ita ce kawar da ha'inci. Makiyayi yana yi wa raƙuminsa shaida ne don kada wani ya kai shi kasuwa ya ce nasa ne. Bai yi ta don ya karɓi lada daga wanda ya zana hoton raƙumin ba. Inda babu ruɗi, babu zamba, neman kuɗi kan kamanni kawai ya fi kusa da kwaɗayi bisa ga kare haƙƙi.

Amma kada mu ruɗi kanmu, hukuncin Jamus ba ya ɗaure alƙalin Dosso. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI mai rajistar tambari, mai hedkwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta ranar 2 ga Maris 1977 ta kafa. Rajista ɗaya tana aiki a dukan ƙasashen, tana kare tambari shekara 10, ana kuma sabunta ta. Izinin da mai tambari ya ba wani kuwa, sai an shigar da shi littafin ƙungiyar kafin ya zama hujja a kan sauran mutane. Yaro mai jan motar kara a lungu babu ruwan doka da shi, domin haƙƙin tambari ya shafi ciniki ne. Wanda magana ta hau kansa shi ne maƙerin gwangwani da ya ƙware, wanda gobe zai so ya kai kayansa baje koli a Yamai, ko ya ƙetara iyaka zuwa Kabi, ko wani ɗan kasuwa ya ɗauke su zuwa Faransa, inda kwastan ke da ikon tsare kayan da aka zarga da satar alama. Bayan shi akwai kuma 'yan kasuwarmu masu shigo da motocin roba lokacin salla, waɗanda wajibi ne su bambance abin wasan da ya siffanta mota da kwalin da aka buga wa sunan wani mai ƙera kayan wasa bisa ƙarya, domin wannan na biyu jabu ne, haram ne, babu tawili a cikinsa.

Kuma mu tuna cewa mu ma muna da sunayen da ake kwaɗayi. Lokacin da wani kamfanin iri na waje ya nemi kariya a OAPI da sunan albasar Galmi, sai da Nijar ta tashi tsaye kafin sunan ya tsira ga manomansa. Wanda yake so a girmama nasa, ba ya wasa da na wani.

Saboda haka ina roƙon masu sana'ar hannu na Dogon Dutsi da Tibiri su haɗu cikin ƙungiya, su zaɓi alama guda ta tarayya, su nemi rajistarta ta ofishin da ke wakiltar OAPI a Yamai, kowane maƙeri kuma ya buga sunansa a ƙarƙashin motar da ya ƙera domin mai saye ya san hannun da ya yi ta. Ina roƙon malaman makarantu su ba wannan ƙira gurbi cikin darasin aikin hannu. Ina kuma roƙon wakilanmu, duk ranar da aka zauna gyaran dokar Bangi, su nemi a rubuta ƙarara cewa siffanta mota da alamarta, matuƙar ba a yaudari mai saye ba, halas ne ga kowa. Allah ya yi mana muwafaƙa.