Kulawar Ubangiji ga Majiyyaci a Baƙon Wuri

Jawabin da aka yi a taron Jubili, a Zongo na Lome

Waɗanda su ka riga mu tsayawa a nan sun ba da labarin yadda aka kafa aikin da yadda ya yi girma. Mu kuwa an ɗora mana magana a kan ciwo, watau yadda Allah ya ke lura da mutanensa sa'ad da cuta ta kwantar da su nesa da gida. Ba magana ce mai daɗin ji a ranar biki ba, amma in an bar ta, an bar rabin tarihinmu.

Kun sani zango wurin saukar baƙi ne. Kakanninmu fatake sun bi hanyar goro daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, suna yada zango a Sansanne Mango. Bayan yaƙin Salaga na 1892 mutane da yawa su ka watsu, waɗansu su ka gangaro har bakin teku a zamanin Jamus. A shekara ta 1977 kuma aka rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar birni, aka kai jama'a wajen kilomita 15 arewa da gari. Ba wanda zai koya wa mutumin Zongo abin da a ke nufi da baƙunci.

Amma baƙuncin mai lafiya dabam, na marar lafiya dabam. Mai lafiya ya yi dako, ya yi talla, ya sami na koko. Ran da ciwo ya kayar da shi aka kai shi asibiti, ran nan zai san nisan gida. Likita yana yi masa tambaya da Faransanci, nas tana magana da Ewe ko Mina, shi kuwa sai Hausa, yana nuna ciki da hannu kamar bebe. Ga shi kuma al'adar asibitocin ƙasashenmu, lalle majiyyaci ya kasance da mai jinya, wanda zai kawo abinci, ya wanke tufafi, ya ɗauki takardar likita ya tafi sayen magani ko da tsakar dare ne. A gida uwa ce ko ƙanwa ko mata ke yin wannan ba sai an roƙa ba. To, wanda danginsa su ka juya masa baya domin ya bi Yesu fa? Mun zauna a bakin gadon irin waɗannan, mun ji tambayar da su ke yi a hankali: “Wa zai yi jinyata? In na mutu, wa zai binne ni?” Mun san waɗansu da ban-gaskiyarsu ta jure zagi da kora, amma ta raunana a kan gadon asibiti. Kada kowa ya yi saurin hukunta su.

Bari mu ba ku labarin ɗaya daga cikinmu, ba za mu faɗi sunansa ba. Yaron mota ne daga wajen Maradi, yana bin manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa arewa. Zazzaɓin taifot ya kama shi, ya yi ta shan sassaƙe yana daurewa, har hanjinsa ya huje. Aka kai shi asibiti rai a hannun Allah, maigidan motarsa kuwa ya riga ya yi lodi ya tafi. Likita ya ce sai an yi masa aiki a daren nan, sai kuma an sami jini. Samarinmu uku su ka ba da nasu. A gadon da ke kusa da nasa akwai wata tsohuwa, mutuniyar Ewe, tana jinyar ɗanta. Ashe ta koyi Hausa wajen ciniki a kasuwa, ita ta zama masa tafinta, har tana yi masa faɗa in ya ƙi shan magani. Mai masaukinsa kuma, wani Alhaji, ya san sarai yaron ya zama Kirista, bai kuwa ji daɗin abin ba, duk da haka kowace safiya sai ya aiko da kunu da ƙosai, ya ce baƙonsa ba zai kwana da yunwa ba muddin yana da rai. Haka aka yi har ya tashi.

Ku duba, ba wanda ya tara mutanen nan ya raba musu aiki. Ba su san juna ba, harshensu ba ɗaya ba ne, addininsu ma ba ɗaya ba ne. Sa'ad da aka yi fari a zamanin annabi Iliya, Ubangiji ya ciyar da shi ta bakin hankaki, daga baya kuma ta hannun wata gwauruwa ta Zarefat wadda ba Ba'isra'iliya ba ce. Har wa yau haka ya ke yi. Ya kan aiko da taimako ta ƙofar da ba mu ƙwanƙwasa ba, domin kada mu ce dabararmu ce. Wannan ya isa ya hana mu raina maƙwabtanmu Musulmi, gama sau da yawa da akushinsu Allah ya ciyar da mu.

Da yawa cikinku kun tuna jirgin ruwan nan mai asibiti a ciki, Africa Mercy, wanda ya tsaya a tashar Lome a 2010, ya sake dawowa a 2012. Mutane su ka zo daga Sakode, da Kara, da Dapaong, har da ƙetaren iyaka: masu ƙari a fuska, masu yanar ido, yara masu tsagaggen leɓe, da mata masu yoyon fitsari waɗanda su ka shekara suna ɓuya. Aka yi musu aiki ba a karɓi ko dala ba. Haka nan muna gode wa Allah domin asibitin Baftis na Tsiko da aka buɗe a 1985, da na Mango da aka buɗe a 2015, da asibitin Galmi a Nijar wanda ke aiki tun 1950, inda iyayen waɗansunmu su ka fara jin bishara suna kwance.

Amma ba dukan wanda ya tsaya a layin jirgin nan aka yi wa aiki ba. Akwai waɗanda likita ya duba ya ce ciwon ya wuce wuƙa, su ka koma gida da shi. In muka faɗi labarin waɗanda su ka warke kaɗai, mun yi shaidar zur. A watan Fabrairu na 2016, shekara guda da buɗe asibitin Mango, ɗaya daga cikin manyan ma'aikatansa, Ba'amurke, ya kwanta da zazzaɓi. Aka ɗauke shi da jirgin sama zuwa birnin Kolon a Jamus, inda akwai gwanayen likitoci da kayan aiki iri iri. Dubban masu bi su ka yi ta addu'a dominsa, ya rasu a can, ya bar mata da 'ya'ya. Sai daga baya aka gane zazzaɓin Lassa ne. Nas ɗin da ya yi jinyarsa shi ma ya kamu, aka kai shi Atlanta a Amurka, ya warke. Ciwo ɗaya, Ubangiji ɗaya, aka ɗauki wannan aka bar wancan.

Me za mu ce? Ba mu da amsa wadda ta fi ta Littafi Mai Tsarki. A Filibiyawa sura 2 Bulus ya ba da labarin Abafroditus, wanda ya yi doguwar tafiya domin ya yi masa hidima a kurkuku, ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, Allah ya ji tausayinsa ya tashe shi. A 2 Timoti sura 4 kuma Bulus ɗin nan, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya ce ya baro Tarofimus a Militus ba shi da lafiya. Bai ce Tarofimus ya yi zunubi ba, bai ce ban-gaskiyarsa ta gaza ba. Alkawarin da mu ke da shi shi ne Ubangiji ba zai yashe mu ba, ko a gida ko a baƙon wuri, ko a rai ko a mutuwa. Bai yi mana alkawari cewa kowane ciwo zai warke a duniyan nan ba. Saboda haka ku yi hankali da masu sayar da ruwa da mai a kwalba, suna cewa wanda ya je asibiti ba shi da ban-gaskiya. Luka da ya rubuta bishara likita ne, Bulus kuwa bai ji kunyar tafiya tare da shi ba. Mun binne waɗanda su ka ɓata watanni a hannun irin mutanen nan, sa'an nan aka kawo su asibiti lokaci ya ƙure.

Yanzu ga roƙon da dattawa su ka aiko mu da shi. Muna so a keɓe ɗaki guda a harabar ekklesiya, da tabarma da gidan sauro, domin baƙon da ya zo neman magani da mai jinyarsa, ba tare da an tambaye shi addininsa ba. Muna neman waɗanda su ke jin Faransanci ko Ewe su ba da sunansu, domin a riƙa kiransu tafinta. Samari masu lafiya su je a gwada jininsu tun yanzu, a rubuta irin na kowa, kada sai dare ya yi a shiga nema gida gida. Zumuntar mata sun riga sun yarda za su riƙa kai abinci bi da bi, mun gode musu. Magatakarda yana zaune a bakin ƙofa da littafi, ku tsaya wurinsa kafin ku wuce wajen cin abinci.