Wasan jifa da sanin awo

Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na bakin Komadugu, tun daga Difa har Boso. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Barwa. Kun bar gida a 2015 saboda fitina, kun koma a watan Yuni na 2021. Allah ya zaunar da ku lafiya.

Yau zancen wasa za mu yi. Kada ku ce malam ya rasa abin faɗi.

Kowa ya san wasan jifa. Ƴan mata na yin carafke da tsakuwa. Samari na kafa gwangwani, su yi ta jifa. A Yamai da manyan garuruwa kuwa, in rana ta yi sanyi, za ka ga magidanta na jefa ƙwallon ƙarfe. Sunan wasan fetanki. Daga kudancin Faransa ya fito, wajen 1907. A 2023 an yi gasarsa ta duniya a Kwatano.

Ga yadda ake yi. A zana da'ira a ƙasa. Mai jifa ya tsaya ciki, ba ɗaga ƙafa. A fara jefa ƴar ƙwallon itace, nisan metir 6 zuwa 10. Sai kowane ɓangare ya jefa nasa ƙwallon kusa da ita. Duk ƙwallonku da ya fi na abokan wasa kusa, maki 1 ne. Waɗanda suka fara kai 13 sun ci.

To, ga inda rigima take. Wata rana na ga aminai biyu sun shaƙe juna. Wannan ya ce nasa ya fi kusa, wancan ya rantse nasa ne. Ashe sun sa jika guda a tsakani, abin da ban so ke nan a wasa. Ido ba mudu ba ne, balle idon mai kuɗi a ƙasa. Sai wani dattijo, ɗalibina, ya karɓi abin awon tela. Ya durƙusa, ya auna, ya karanta da ƙarfi: 23, 25. Kowa ya yi tsit. Bara waccan, mutumin nan da yatsa yake dangwala takarda.

Lambobin nan su ne a kan sikeli, ranar da za ka saida tattasai ko banda. Mai saye na kallonsu. Kai ma ka kalla.

Ga aikin wannan mako. Ba sai da ƙarfe ba. Kowa ya samo goruba 3, ya yi masu shaida da gawayi. Ku jefa ɗan dutse, ku yi wasan. In gardama ta tashi, ku auna da zare. Mutum ɗaya ya riƙa rubuta maki a allo, daga 1 har 13. Gobe wani ya karɓe shi. Mata, ku ma ku rubuta cin carafkenku. Ku kai ma malaminku allon ya duba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.