Teburin Rukuni a Lissafin Kayan Sito



Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5, wato Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango. Mu ɗauka a siton ɗayansu akawu uku ne ke shigar da taki cikin kwamfuta. Wannan ya rubuta "taki", wancan "takin zamani", na ukun ya jefa shi cikin "kayan gona". Ranar da mai binciken kuɗi ya nemi jimlar taki, abin da akawu ɗaya ya shigar kaɗai zai gani, zargi kuwa ya faɗa kan mai sito wanda ko buhu ɗaya bai taɓa ba.

Maganin wannan yana cikin tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da shi a 1970, na ajiye bayanai cikin tebura masu alaƙa da juna. A keɓe wa rukunonin kaya teburinsu dabam, kowanne da lambarsa da sunansa. Teburin kaya kuwa, lambar kaɗai zai riƙe. Daga teburin rukuni jerin zaɓi yake saukowa a kan allo, akawu ya zaɓa, babu damar ya ƙago suna.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen sharewa. Idan an daina sayen wani abu, kananzir alal misali, kada a goge rukuninsa, domin tsofaffin rasidai da lambarsa suka dogara. A sa masa alamar an jingine shi, sai ya fita daga jerin zaɓi, lissafin bara kuwa ya zauna daram. Ikon ƙara sabon rukuni, a ganina, jami'i ɗaya tak ya kamata a ba wa.