Tsoho Ma Yana da Haƙƙin Kujera a Mota



Bayan yaƙin Burmi na 1903, kakanninmu da ƙafa suka tako har suka kafa Mai Wurno. Yau jikansu da ya tsufa yana noman auduga a Jazira, zuwa asibitin Madani ya gagare shi.

Kun san yadda abin yake. Tsohuwa mai ciwon ƙoda ta fito daga kambo tun asuba, hafla ta zo cike, matasa su rige ta shiga. Gurgu kuwa kumsari ko kallonsa ba ya yi, wai kekensa zai cinye wurin mutum biyu. Sai a ɗauki raksha da kuɗin da babu. In damina ta sauka, laka ta rufe hanya, shi ke nan.

Tun 2009 Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu. Wa ya ga amfaninta a tasha?

Idan kuka zaɓe mu, kujerun gaba na tsofaffi da nakasassu ne, a rabin kuɗi. Kuma kowane mako mota za ta zaga ƙauyuka ta kai marasa lafiya Madani, ta dawo da su.

Ranar zaɓe ku riƙo hannun Baba da Inna, ku zo tare.