Lamho bashi ne, tafiya ba ta kashe shi

Jawabin da aka yi a taron ƙungiya, an buga shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

 

Kwamiti ya ɗora mana mu yi bayani a kan lamho, da abin da doka ta tanada ma wanda bai biya ba. Maganar ba ta da daɗi. Amma gara a ji ta nan bisa tabarma, da a ji ta gaban ma'aikacin haraji.

Dattawa sun fi mu sanin inda tsoron lamho ya samo asali. Zamanin Nasara kowane kai da kuɗinsa. Mutum ya sayar da akuya, ko hatsin da ya ajiye don shuka, wani ma ya kwashe iyali ya tsallaka ƙasar Ingilishi. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974 aka ɗauke jangali, daga baya aka soke lamhon kai na gwamnati, sai ɗan harajin arondisma ya rage. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, kuɗin ya koma asusun komin ɗinmu ta Ollelewa. A watan Afrilu na 2024 an rushe majalisu an naɗa kantomomi, amma haraji bai tafi tare da majalisa ba.

To, haraji iri biyu ne ya shafe mu.

Na farko, na gari, wanda mai gari ke tarawa. Kuɗin ba shi da yawa: a shekarun 2010 galibin ƙauyuka tamma 700 suke biya bisa kowane kai. Amma ku duba yadda yake tafiya. Sunan kowane baligi yana cikin kundin ƙidaya, ƙarƙashin sunan mai gida. Saurayi ya tafi Agadas, ko Arlit, ko wurin zinariya a Jado, ko Libiya, sunansa bai tafi ba. In lokaci ya yi, mai gari ƙofar tsoho zai tsaya. Tsoho mai ƴaƴa biyar a waje, kai biyar za a tambaye shi. In ya kasa, bashin ya hau na baɗi, mai gari kuwa shi ke shan kunya gaban sarki da hukuma. Ranar da kake neman wata takarda a ma'aikatar magajin gari, sau da yawa shaidar biya za a fara tambayarka.

A nan akwai abu biyu da muke sakaci da su. Wanda ya rasu, in ba a kai labarin rasuwarsa an rubuta ba, sunansa yana nan, ana ta biyan lamhon mamaci. Wanda kuma ya tare a wani gari da iyalinsa, ya kamata a fitar da shi daga kundin nan, ya shiga na can. Tsoffi da naƙasassu da ƴan lakwal doka ta ɗauke masu, amma sai an je an faɗa.

Na biyu, harajin riba da na albashi, wanda ma'aikatar haraji ta ƙasa, DGI, ke karɓa. Mu ma'aikata ba a jiran mu kai: ITS daga tushe ake yanke shi kafin albashi ya zo hannu. Maganar tana ga ƴan uwanmu da Allah ya buɗa ma, masu shago a Tanut da Damagaram, masu motar haya, masu kwasar hatsi da dabbobi daga kasuwar Bakin Birji. Doka ta ce mai sana'a ya yanki lambar haraji, wato NIF, ya bayyana cinikinsa, ya biya cikin wa'adi. In bai yi ba, ga yadda abin yake bi daki-daki.

Wanda bai bayyana ba, ma'aikata su ke yanka masa abin da suka ga ya dace, kuma shi ne zai kawo hujja in yana ganin an yi masa yawa. Wanda ba ya rubuta cinikinsa, da me zai yi gardama? Sannan a ɗora tara, da ƙarin jinkiri mai hawa wata-wata. Sannan takardar gargaɗi ta zo. In ya yi shiru, ana iya rubuta ma bankinsa, ko wani mai riƙe da kuɗinsa, a ce ya zuba su baitulmali. Ana iya rufe shago. Ana iya kama kaya a yi gwanjonsu. Ba zai samu takardar shaidar ya biya haraji ba, in babu ita kuwa ba kwangilar gwamnati, ko ta ginin aji guda. Wanda ya yi ƙarya da gangan, ko ya yanke harajin ma'aikatansa ya riƙe, maganarsa tana iya kaiwa gaban alƙali, har gidan kaso. A 2023 ma an kafa hukumar COLDEFF don bin dukiyar ƙasa, har da bashin haraji.

Mun ji masu cewa, tunda matatar mai ta SORAZ tana bisa ƙasarmu tun 2011, me za a yi da ɗan kuɗin talaka? Tambayar hakkinmu a kan matata tana nan, ba mu bar ta ba. Amma ba wata doka da ta ce zamanta nan ya yafe ma ɗan Ollelewa lamho. Kuma wanda takardar biya ke aljihunsa, shi ke da bakin tambayar ina rijiya, ina tebur na lakwal, ina maganin likita.

Saboda haka ga shawararmu. Mai tafiya bida ya bar lamhonsa kafin ya tashi, ko ya aiko da shi tare da kuɗin hatsi, ya ce wannan na lamho ne. Kada a ba kowa ko dala ɗaya sai da takarda mai hatimi, a adana ta wurin da gara ba ta kai. Kowane mai gida ya je wurin mai gari a karanta masa sunayen da ke kansa. Ɗan kasuwa da takardar haraji ta iske, kada ya jefa ta ƙarƙashin katifa. Doka ta ba shi damar kai kuka a rubuce, amma da wa'adi. Wanda ba ya karanta Faransanci ya kawo, malaman lakwal na ƙungiya za su karanta masa, ba a biyan komi.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya maido da matafiyanmu lafiya, ya rufa asirin iyayenmu. Amin. Wassalamu alaikum.