Kafin a taɓa Birni, a tambayi mutanen Birni



Iyayenmu masu unguwanni, malamai, uwayenmu mata, ƴan uwana matasa, sannunku da zuwa. An ce in yi magana kan gyaran tsohuwar unguwarmu ta Birni, a nan Damagaram, da abin da muke jira daga ma'aikatar magajin gari, wato meri. Ba zan ja ku da nisa ba.

A farkon watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kada tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun. Duniya ta ga hoton. Amma mu da muke nan mun san ba masallaci kaɗai ya faɗi ba. Katangu nawa suka zube a wannan damina? Iyalai nawa suka kwana a lakkol? Ginin ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya. Yakan jima yana ba da sanarwa: gindi ya jiƙe, bango ya tsage, indararo ya karye, ba wanda ya kula.

Ku tuna wane gari muke ciki. Zinder ce babban birnin Nijar har 1926, lokacin da Turawa suka maida hedikwata Yamai. Tun 2006 sunan Birni da fadar Sarki yana cikin jerin wuraren da ƙasarmu ta miƙa wa UNESCO don a duba. Tsohon garin Agadas ya samu shiga a 2013, mu har yanzu muna bakin ƙofa. A 2018 an yi Zinder Sabuwa, mun samu gudron da fitilu da manyan gine-gine, ba mu raina ba. To amma ku bar babbar hanya ku shiga lungu, ku gaya mini abin da ya sake.

Shi ya sa muke cewa duk tsarin da meri za ta yi wa Birni, ya tsaya kan abubuwa huɗu.

Na farko ruwa. Birni kan dutse take zaune, ƙasa ba ta shan ruwa sosai, sai ya bi gangare. In aka ɗaga hanya ta fi ƙofar gida tsawo, ruwan zaure zai shiga. In aka gina kanibo ba a yi masa mafita ba, an tara wa sauro gida ne kawai. Kafin a zuba buhun siminti ko ɗaya, injiniyoyi su zo ranar da ake ruwa, su zagaya da tsofaffin unguwa, a zana hanyar da ruwan yake bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma a riƙa yashe kanibo a watan Mayu, kafin ruwan farko, ba cikin Agusta ba bayan ɓarna ta wuce.

Na biyu ginin kansa. Wasunmu suna ganin gata ne a shafe bangon ƙasa da siminti. Wallahi sau da yawa cuta ce. Siminti yana riƙe laima a ciki, ƙasar tana ruɓewa a ɓoye, wata rana ɓawon ya ɓalle da rabin bango. Kakanninmu da makuba suke yaɓe, su sabunta kafin damina, su duba azara da indararo. Maginan da suka san wannan aiki, da masu zanen ƙofar gida, suna tsufa, yara kuma ba su koyo don ba kuɗi ciki. Meri ta ƙidaya gidajen da ke cikin hatsari, ta ware asusu na gyara, a ba maginan gari aikin, da sharaɗin kowane ya ɗauki matasa ya koya musu. Ga gyara, ga sana'a. Sannan akwai gidajen gado da magada suka kasa rabawa, suka koma kango da juji. Wannan ba aikin katafila ba ne, aikin sulhu ne, sai an haɗa da fada da malamai.

Na uku mutane. Mun ga yadda ake yi a garuruwa da dama: a shafa jan fenti ga bango, a ba ka kwana kaɗan, a rushe. Mai tebur, mai ƙosai, bafaden da ya gaji gidan kakansa, su ne Birni. In buɗe hanya ya zama dole don motar likita ko ta ƴan kwana-kwana ta shiga, to a zauna da masu gida tukuna, a biya diyya kafin a taɓa tubali ɗaya, a ba mai sana'a wuri kusa da masu sayensa. Kada a ƙawata unguwa a kori masu ita.

Na huɗu kuɗi, kuma nan ne ake yawan ɓacewa. Gini yana da buki, kula da shi ba ya da. Kowane aiki a rubuta a kasafin kuɗi nawa za a kashe duk shekara don kula da shi, da wanda zai yi. Kowace komin tana da takardar tsarin raya ta, wadda ake kira PDC. Wa ya taɓa ganin tamu a cikinku? A fassara ta da Hausa, a karanta a rediyo, a manna a ƙofar meri. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun kansiloli, shugabannin riƙo ke tafiyar da garuruwa. Wannan bai soke haƙƙinmu na tambaya ba, kuɗin haraji dai namu ne. Tunda babu kansilan da za mu tare a hanya, zama da jama'a ya ƙara zama wajibi.

Yanzu in juyo kanmu, don kar a ce meri kaɗai muka zo tuhuma. Wa ke zuba shara cikin kanibo da dare? Wa ke tare hanyar ruwa don ya ƙara ɗaki? Tun 2014 akwai dokar hana leda a ƙasar nan, amma mu ne muke karɓar uku don tumatir na dala ashirin. In ba mu gyara wannan ba, ko biliyan nawa aka zuba, ruwa zai tafi da su.

Ga abin da nake roƙo mu yi kafin mu watse. Kowane lungu ya ba da mutum uku: dattijo, mace, da matashi. Cikin wata ɗaya su rubuto gidajen da suka tsage, wuraren da ruwa ke kwanciya, da kangayen da ba mai kula. Mu haɗa takarda ɗaya, mu kai wa meri da fada, mu nemi ranar zama. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa, ɗalibanmu su rubuta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga ɓarnarta.