Zafin Rediyo da Zafin Akurki

 Kafin a buɗe akwati a yi zubi, bari mu taɓa maganar bazara, tunda da yawanmu kaji da awaki muka saya da kuɗin rance.

In kun ji rediyo ya ce yau zafi zai kai digiri 40, daga hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, lambar ta fito. Tana da tashoshin awo a garuruwa irin su Sakkwato da Yelwa. To, amma ina ma'aunin nasu yake zaune? Cikin farin akwati mai ƙofofin iska, a sarari, an ɗaga shi sama kusan tsayin mutum. Ke kuwa kazarki nan Kalgo tana ƙasa, ƙarƙashin kwano, a lungun da katanga ta tare iska. Zafin da take sha ya wuce wanda aka faɗa, kuma ba ta yin zufa. Da ya haura 30 za ki ga ta buɗe baki tana haki, ta rage ci, ƙwai ya ragu. A Maris da Afrilu har mutuwa suke, bashi kuma yana nan.

Masu kiwon alade a Turai da Amurka ma da wannan suke fama, don shi ma alade ba ya zufar kirki.  Ga dabarar da za mu bi.

Ƙungiya ta sayi ma'aunin zafi guda ɗaya, na bango, ba na jikin mutum ba. Ki rataye shi cikin akurki, a inuwa, daidai kan kaza. Tsakanin azahar da la'asar ki duba, ɗiyarki 'yar makaranta ta rubuta shi gefen lambar rediyo. Kwana 14 haka. Misali rediyo 40, naki 44: tazararki 4 ke nan. Daga nan ko babu ma'auni, ki ƙara 4 kan abin da kika ji. Kada ki ari tazarar maƙwabciya, ita mai yiwuwa dalbejiya ta rufe mata.

Ran da lissafi ya hau, ki shimfiɗa kara ko zana bisa kwanon, ruwan randa ya kasance gabansu yini guda, abinci kuma da sassafe da yamma. Awaki a mayar da turkensu inuwa.

Sakatariya, buɗe littafi. Wa za ta fara karɓar ma'aunin?